Tantin Mutum Ɗaya

Mai Walda da ƙanensa Auta sun fara shiga daji farauta tare tun gemunsu bai fito ba, kuma ba su daina ba har furfura ta cinye kawunansu. Duk shekara idan hukuma ta buɗe lokacin farauta, sai Mai Walda ya ja ƙofar shagonsa ya datse, Auta ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsumma, su sabunta lasisi, su hau tsohuwar motarsu ta ɗaukar kaya har inda hanya ta ƙare. Daga nan sai ƙafa. Wuni suke yi suna hawa da gangara a cikin duwatsu kafin su kai wani kwari mai rafi, inda suke yada zango na 'yan kwanaki.

Auta tela ne, amma ba na riga da wando ba. Tamfol yake ɗinkawa, na manyan motoci da na rumfunan 'yan kasuwa. Shi ya ɗinka musu tantin da suke kwana a ciki, da koren tamfol mai kauri, Mai Walda kuma ya yanka bututun ƙarfe ya yi masa sanduna da turaku. A hanya Auta ke goya tamfol ɗin, wansa ya saɓa ƙarafa. In sun isa, Auta ne mai kafawa, Mai Walda ya tafi neman itace da ɗebo ruwa. Matar Mai Walda takan tsokane su ta ce wannan ai ya wuce tanti, gida ne sukutum, takardar fili kawai ya rasa.

Wata safiya Auta ya yanke jiki ya faɗi a gefen kekensa. Da aka kai shi asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar dama. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa, don haka da aka sallame shi Mai Walda bai yi shawara da kowa ba, ya kwashe tarkacen da ke ɗakin baya na gidansa ya sa masa gado. Magana ta dawo wa Auta a hankali, amma da nauyi, kamar mai tauna kowace kalma kafin ya fitar da ita. Ƙafar ta ɗan motsa har yana iya jan ta in ya dafa bango. Hannun dai bai dawo ba.

A shekarar Mai Walda bai je daji ba. Ya ce aiki ya yi masa yawa, kuma ba wanda ya ja zancen. Da wata shekarar ta zagayo, Auta ya lura wansa ya fito da bindiga ya goge ta, ya sa mata mai, ya mayar da ita cikin akwati ya kulle. Da suka zauna shan shayi ya ce masa ya kamata bana ya je. Mai Walda ya ce gwiwa ce ke damunsa. Auta ya ce gwiwar nan ai da ita suka yi ta hawa shekara da shekaru, ba sabuwar baƙuwa ba ce.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, lokacin da ya zaci kowa ya kwanta, Mai Walda ya shiga ɗakin ajiya ya jawo tsohon tantin. Ya goya tamfol ɗin, ya saɓa ƙarafan, ya nufi ƙofar gida don ya gwada kansa. Bai kai zaure ba ya sauke kayan, ya zauna a kansu yana haki. Da ya ɗaga kai sai ya ga Auta a bakin taga yana kallonsa.

Ba wanda ya ambaci abin sai da yamma. Auta ya ce yanzu ana sayar da wasu tantuna marasa nauyi, waɗanda mutum zai cusa a jakar baya ya manta da su. Mai Walda ya taɓe baki ya ce ya gan su a jikin gilashin shago, leda ce kawai da aka yi wa zif, ƙaya ɗaya ta ishe ta.

"Kai ni in gani," in ji Auta.

Shagon yana bayan tashar mota, tsakanin mai sayar da tayoyi da wani kantin magani. Akwai matakala a bakin ƙofar, sai da Mai Walda ya juya keken guragun da Auta ke kai ya jawo shi da baya. Ciki cike yake da jakunkuna rataye, da takalman hawa dutse, da fitilu, da ƙananan tukwane, ga warin sabuwar roba. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau rataye a wuya. Ta gaishe su, ta matsar da wani kwali don keken ya samu wuri, sannan ta fara tambaya kafin ta taɓa komai. Ta tambayi nisan tafiyar ƙafa, da ko wurin ana ruwa, da ko akwai sauro, da ko ƙasar tana cin turke ko dutse ne zalla. Mai Walda yana amsawa, Auta yana gyara masa in ya yi kuskure. A ƙarshe ta tambayi mutum nawa za su kwana a ciki.

"Biyu," in ji Mai Walda.

Auta ya dube shi.

Ta fara sauko musu da wani mayafi zalla, wanda ake ɗaure shi tsakanin bishiyoyi ko a tokare shi da sandar tafiya. Ta ce ba abin da ya kai shi rashin nauyi, amma ba shi da ƙasa, ba shi da raga, kunama da sauro baƙinka ne. Sai ta warware wani abu kamar dogon buhu, wanda mutum ke shiga ya ja zif har fuskarsa. Mai Walda ya yi dariya ya ce wannan ai likkafani ne da aka yi wa ƙofa. Kalmar na fita daga bakinsa ya ji ina ma bai faɗa ba. Mai shagon ta naɗe abin ta mayar inda ta ɗauko shi, ta sauko da tanti mai ruɓi biyu, raga a ciki, mayafin ruwa a waje, da siraran sanduna masu haɗe kansu da igiyar roba.

Auta ya miƙa hannun hagu, aka ɗora masa gefen mayafin a cinya. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ya kalli hasken ƙofa ta cikinsa, ya sa haƙori ya riƙe gefe ɗaya ya ja ɗayan da ƙarfi. Sannan ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya tambaya yadda aka yi da ramukan allura, don ta nan ruwa ke bi. Ta juya masa cikin ta nuna masa wani siririn tef da aka manne a kan ɗinkin da zafi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce su a zamaninsu kakin zuma suke gogawa, kuma duk shekara sai an sake. Ta ce mahaifinta ma haka yake yi. Ta kuma gaya musu abin da ba su tambaya ba: tanti mai ruɓi ɗaya ya fi sauƙin ɗauka, amma numfashin mutum kan taru a jikinsa ya zama raɓa, ka tashi da safe bargonka a jiƙe alhali ko ɗigo ba a yi ba.

Ta ɗora na mutum biyu a kan sikeli, ta sauke, ta ɗora na mutum ɗaya. Bambancin bai wuce nauyin gorar ruwa ba. Mai Walda ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ta ce da safe ba komai ba ne, amma bayan azahar, a tsakiyar hawa, yakan zama wani abu. Duk da haka na mutum biyun ya ɗauka. Ta sa masa a leda, ta ce in bai ɓata shi ba yana iya dawowa ya canja.

Washegari suka fito da shi tsakar gida, gefen bishiyar lemo inda ba a yi siminti ba. Aka ajiye Auta a inuwa. Mai Walda ya baje tantin ya tsaya yana kallonsa, ya gane cewa duk tsawon shekarun nan bai taɓa kafa tanti da hannunsa ba. Ya zura sanda ta inda ba nan ba, ya zare, ya sake. In ya kama wannan gefe, iska ta ɗage wancan. Matarsa ta ajiye wanke-wanke ta zo ta taka masa kusurwa ɗaya da ƙafa. Auta ya ce ta ɗaga ƙafarta, don ba da ita za a je ba. Ta ce to sarkin gini, ta koma gefe ta naɗe hannu.

Da ƙyar tantin ya tsaya, a karkace. Mai Walda ya rarrafa ciki ya kwanta a gefe ɗaya, kamar yadda ya saba, ya bar ɗaya gefen. Yana nan kwance yana kallon rufin ya ji muryar ƙanensa.

"Yaya, wa za ka kwantar a wancan gefen?"

Mai Walda ya ce wurin jaka ne da bindiga. Ya ce kuma likita da kansa ya ce ana samun sauƙi, wa ya san abin da baɗi za ta zo da shi.

"Ba zan sake hawa dutsen nan ba," in ji Auta. Yana maganar yana tsayawa, yana nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Na sani. Likita ya sani. Kai ma ka sani. Kada ka goya wurin kwanana ka hau da shi a banza. Nauyin da na zame maka a gida ya isa."

Mai Walda ya fito daga tantin ransa a ɓace. Ya ce kada ya ƙara jin kalmar nauyi a bakinsa, shi da ya goya shi tun yana zanen goyo. Ya sa hularsa ya fice. A shago ya wuni yana gurzar wani ƙarfe da ba ya buƙatar gurza, har maƙwabcinsa mai faci ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Da ya dawo gida ya tarar matarsa ta kwance tantin, ta kakkaɓe shi, ta naɗe shi tsaf ta mayar cikin ledarsa. Ta ajiye shi a kan kujerar da yake zama.

Da safe ya koma shagon tantunan shi kaɗai. Mai shagon ta karɓi ledar, ta duba, ta sauko masa da na mutum ɗaya. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta dai ce ya gaida mata ƙanen nasa, ta ƙara masa turaku biyu ta ce ɗaya kan ɓace a ciyawa.

Daga ranar Auta ya zama malami. Kullum bayan la'asar sai Mai Walda ya kafa tantin ya kwance, ya sake kafawa, Auta na daga kujera yana nuni da sandarsa. Ya koya masa ya fara kafe kusurwar da iska ke bugowa kafin ya taɓa sanda. Ya koya masa karkata turke, da abin da zai yi in ƙasa ta ƙi, wato ya ɗaura igiyar a jikin dutse ya danne da wani. Ƙullin da ake ja ya tsuke ne ya ba su wahala, don Auta da hannu biyu ya san shi. Sai da ya riƙe bakin igiyar da haƙori ya yi shi da hagu, a hankali, wansa na durƙushe a gabansa yana kwaikwayo da manyan yatsunsa masu tabon wuta.

Ranar gwajin ruwa, Mai Walda ya shiga ya ja zif, matarsa ta jawo tiyo daga famfo ta sakar masa. Ta ce shekara da shekaru tana neman ranar da za ta yi masa haka. Ta bi ɗinki, ta bi ƙofa, ta ƙi dainawa har ya fara roƙo daga ciki. Auta ya yi dariya, irin wadda ba a ji daga gare shi ba tun faɗuwarsa, har miyau ya zubo ta gefen bakin da ya mutu. Ya sa hannun riga ya share, ya ci gaba da dariyarsa. Mai Walda ya fito a bushe.

Ya tafi da sassafe. Inda hanya ta ƙare ya kulle motar, ya goya jaka, ya saɓa bindiga. Rashin nauyin kayan ya dame shi. Ya yi ta tsayawa yana laluba jakar, yana jin kamar ya manta wani abu a mota. A wata kwana ya ga sawun gada sabo a cikin laka, ya juya zai yi magana, ya ga ba kowa sai ciyawa. Bayan azahar gwiwar ta fara ciwo, amma ta kai shi.

Zangon nasu yana nan. Duwatsun murhu sun yi baƙi har yanzu, ciyawa ta rufe filin da tsohon tantin ke zama. Da farko nan ya ajiye jaka. Da ya duba sosai sai ya ga wurin ɗan kwari ne, ya tuna Auta kan haƙa masa magudana a kewaye duk zuwa, aikin da shi bai taɓa tambayar dalilinsa ba. Ya ɗauki kayansa ya matsa sama kaɗan, kan wani tudu a bayan dutse, inda ƙaramin tanti zai shiga, babba ba zai shiga ba. Ya juya wa iska baya ya kafa.

Ruwan ya zo washegari da la'asar, da iska mai ƙarfi. Ya shige ciki, ya bar takalmansa a ƙarƙashin bakin mayafin, ya kwantar da bindigar a gefensa. Wurin bai ishe shi miƙewa zaune sosai ba, sai ya rungume gwiwoyinsa. Iska na bugowa sandunan su lanƙwashe har mayafin ya taɓa masa kai, sannan su miƙe. Ya jira ya ji ƙarar yagewa, bai ji ba. Ta ƙasan ƙofa ya hango ruwa ya taru a tsohon filinsu ya zama tafki. A da, in ana irin wannan ruwa, Auta kan fito da allura ya sami abin ɗinkewa, su yi ta gardama a kan wanda ya fi iya harbi. Yanzu ba abin da yake ji sai ruwa a kan mayafi da numfashinsa. Hawaye suka zo masa, ya bar su, tun da ba mai gani.

Da gari ya waye ya ga gadar a bakin rafi tana shan ruwa, kusa ƙwarai. Ya ɗaga bindiga ya saita. Sai ya tuna nisan da ke tsakaninsa da mota, da gwiwarsa, da cewa ba mai raba masa naman su ɗauka. Ya sauke bindigar, ya tsaya har ta gama ta shige kurmi. Zabbi biyu ya harbo a ranar da zai dawo, su ma a kan hanya.

A kwarin waya ba ta kamawa. Da ya iso mota ya kunna ta, bai ga saƙon kowa ba, hankalinsa ya kwanta. Amma yana shiga gida ya ga fuskar matarsa ya san akwai magana. Auta na zaune a bakin gado, da filasta a goshi, idonsa ɗaya a kumbure ya yi baƙi. Ta ce washegarin tafiyarsa ne, tana kicin, Auta ya tashi zai je banɗaki yana dafa bango, hannun ya zame ya faɗi a kan dakalin famfo. Maƙwabcinsu ne ya taimaka aka ɗaga shi aka kai shi aka yi masa ɗinki. Ta so ta aika masa saƙo ko ta sa a bi shi, Auta ya hana, har ya ce in ta yi ba zai ƙara cin abincinta ba.

Mai Walda ya ajiye zabbin a ƙasa. Ya zauna a kan kujera bai ko cire takalmi ba. Ya ce shi ke nan, ya gama da daji, da yana gida da haka ba ta faru ba.

"Ranar da na faɗi a shago, kana ina?" in ji Auta.

"Ina nawa shagon."

"Tsallaken titi."

"Tsallaken titi," in ji Mai Walda.

Auta ya gyaɗa kai, ya bar maganar a nan. Can sai ya tambaya ko an yi ruwa. Mai Walda ya ce an yi, da iska. Ya tambaya ta ina iskar ta bugo, da inda ya kafa, da ko ƙullin ya riƙe, da ko ɓauren nan na bakin rafi yana nan. Da farko Mai Walda a taƙaice yake amsawa, daga baya bakinsa ya buɗe. Ya ba shi labarin tafkin da ya taru, da gadar da ya bari. Auta ya ce da shi ne da ya harba, ya kuma san da ya yi nadama a tsakiyar hawa. Matar ta fige zabbin ta yi romo, ya sha fiye da yadda ya saba. Kafin ya kwanta ya ce a fito da tantin a shanya shi a inuwa, kada a bar shi a naɗe da danshi, tun da lokacin farauta bai rufe ba tukuna. Mai Walda ya fita ya shanya shi a kan igiya.

Da safe bai buɗe shago ba. Ya auna bangon daga ƙofar ɗakin baya har banɗaki, ya je ya ɗauko sabon bututu da injin walda a mota. Ya huda bango, ya kafa maƙalai, ya ja wa ƙanensa dogon marikin ƙarfe daidai tsayin ƙugunsa, ta ɓangaren hagu a tafiya, ya sake ja wani a ɗaya bangon don dawowa. Ya gurje duk mahaɗa har ta yi santsi, ya fasa dakalin famfon ya share ɓaraguzan.

Da ƙarfen ya huce, Auta ya fito ya kama shi. Ya girgiza shi ya ji ko zai motsa. Sannan ya fara tafiya, yana zura hannu gaba, yana jawo ƙafar dama a baya. A tsakiya ya tsaya yana numfashi. Mai Walda ya yunƙura zai tare shi, matarsa ta riƙe masa hannun riga. Suka tsaya su biyu suna kallo har ya kai ƙofar banɗaki. Ya jingina da bango, ya huta, sannan ya ce wa wansa, ba tare da ya juyo ba, ya samo fenti ya shafa wa ƙarfen kafin tsatsa ta kama shi.